Tubalin Damina

Cikin hutun Agusta na tsara wa 'yan aji biyar karatun shekara guda, ina zaune a zauren gidanmu da ke Ƙofar Kibo, ruwa na ta zuba a waje. Har yau in na tuna abin da aka yi wa takardun tsarin nan, da abin da ni kaina na yarda aka yi musu, sai zuciyata ta tafasa.

A lokacin na kai shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a wata firamare ta al'umma a cikin birni, kuma na gaji da yadda muke yi. A buga ƙararrawa, lissafi ya fita, kimiyya ta shigo, ko gaisawa ba sa yi a bakin ƙofa. Yaro ya haddace maka yadda ake neman faɗin fili tsaf, ka ce ya je ya auna ɗakin uwarsa, ya saki baki yana kallonka. A wata bita da aka kai mu aka ce ana iya ɗaukar abu guda a ɗaure darussa duka a jikinsa, a shekara a kansa. Wasu malaman suka ɗauki ruwa, wasu kasuwa. Ni ɗan gidan magina ne, ban yi dogon tunani ba na ɗauki tubali.

Ba bulon siminti nake nufi ba. Tubalinmu na ƙasa nake nufi, wanda ake curawa da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a jera a rana ya bushe. Da shi aka tayar da sorayen birni da zaurukan da muka yi wasa a cikinsu.

Ga yadda na jera abin. Zangon farko yana kamawa daga Satumba, damina na ban kwana, sai yara su fita su ga abin da ruwa ya yi wa ragowar ganuwa da katangun unguwa. Su auna da taki, su auna da kamu yadda magina ke yi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, sannan su sake aunawa da tef, su gane da kansu cewa kamun dogo da na gajere ba sa zama ɗaya, shi ya sa aka nemi mita. Su tambayi kakanninsu wa ya gina gidansu, tarihi ke nan. Su tattaro kalmomin gini a darasin Hausa, su rubuta wasiƙa a kan abin da suka gani a darasin Turanci. Malamin addini ya ɗauki haƙƙin maƙwabci, ya yi shi a kan katangar da ke tsakanin gida biyu da indararon da bai kamata ya zuba a tsakar gidan wani ba. Zango na biyu, daga Janairu, rani ya zauna, sai a kwaɓa ƙasa, a cura, a shanya, a ƙirga, a tayar da 'yar katanga a bayan ajinmu inda awaki ke shigowa suna cinye mana shuka. Zango na uku a yi mata yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin bango, kafin ruwan fari, a kafa gwangwani ana auna ruwan da ya sauka, yara suna kallon aikin hannunsu a tsaye ruwa na dukansa. Duk wanda ya duba zai ga ba ni na jera shi ba, shekara ce ta jera kanta. Ka cire zango guda ka sa a wurin wani, ka rushe shi duka.

Abin da ya rage shi ne mai koyar da curin, don ni alli na iya, hannuna bai gaji gidanmu ba. Baffa ne, yayan mahaifina, ya haura saba'in, shi kaɗai ya rage a gidan yana ginin ƙasa. Ba shi da mota, ba shi da gona mai girma. Abin da yake da shi suna ne: a cikin magina an san bangonsa bai taɓa faɗuwa ba, kuma in ana gardamar aiki a majalisarsu shi ake jira ya yi magana. Ɗaliban jami'a sun sha zuwa da na'urar ɗaukar magana ya ce yana da uzuri. Sai da na yi masa sintiri sau uku, na durƙusa har gwiwata ta yi tsami, kafin ya ɗago ya dube ni.

"Yara nawa?"

"Arba'in da 'yan kai, Baffa."

"Malam na boko ya tuna da ƙasa ke nan," ya ce yana dariya. "To, zan zo. Amma da rani, bayan an gama kai amfani gida, rana ta tsaya. Ba ni taɓa ƙasa da hadari a sama. Ubana bai yi ba, ni ma ban taɓa yi ba."

Na ce ai haka ma na rubuta.

Da aka koma makaranta na kai wa mataimakin shugaba takarduna, don shi ke kula da manhaja, shugabarmu Hajiya kuwa duk abin da ya shafi darasi ta bar masa. Mutum ne mai tsabta, biro uku a aljihu, digiri biyu a bango. Bazazzagi ne kamar ni, a Tukur-Tukur aka haife shi, kuma na san gidansu, katangar ƙasa ce har yau. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da baƙo ne daga wata uwa duniya da na ce bai sani ba.

Ya karanta ya yaba, har ya miƙe ya ba ni hannu. Ya ce zai shigar a kwamfuta a buga shi da kyau. Bayan kwana huɗu ya kira ni ya miƙo mini fayil mai leda a fuska, da tambarin makaranta, kowane mako a cikin akwatinsa. Na buɗe ina murmushi. Awo yana nan a zangon farko. A zango na biyu na ga tarihi da rubuce-rubuce da awon ruwan sama. Awon ruwan sama, a Fabrairu! Curin tubali da ginin katanga an tura su zango na uku, tsakiyar Mayu.

"Malam, an samu kuskure wajen bugawa," na ce. "An juya zango biyu."

"Ba kuskure ba ne, ni na daidaita. Ka duba littafin sikim, tsarin manhajar da muke bi. Ƙasa da ire-irenta a tam na uku take, wato zango na uku, mako na uku da na huɗu. Tarihi a tam na biyu. In masu dubawa suka zo suka tarar kana ƙasa a Janairu, me zan ce musu?"

"Ka ce musu ruwa ake yi a Mayu."

"Ai ba kullum ake yi ba."

"Malam, tubali sai ya yi mako biyu a rana. Katangar gidanku da damina aka gina ta?"

Ya sha mur. Ya ce mu bar zancen gidansu, aiki muke yi. Ya ce shi bai hana ni komai ba, ko darasi ɗaya bai cire ba, jeri kawai ya gyara, kuma ruwan da za a auna a Fabrairu ana iya zuba shi da buta a nuna wa yara yadda ake yi. Da buta! Na ɗaga murya har malamar aji huɗu ta leƙo. Na ce littafin nan wanda ya rubuta shi bai san akwai wani abu tubali ba, kuma ko ya sani bai ce a bi shi ido rufe har cikin kududdufi ba. Ya bar ni na gama, sannan ya turo fayil ɗin gabana ya ɗora biro a kai.

"Ko dai wannan, ko mu koma yadda muke yi da. Zaɓi naka ne, Malam."

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na san karin maganar, na sha koya wa yara ita. Amma na yi wata guda ina wannan tsari, na riga na faɗa wa abokaina na bita, kuma a raina na ce in Janairu ta zo zan yi abina a ɓoye, wa zai hana ni? Na ɗauki biron na sa hannu. Baffa kuwa ban gaya masa komai ba.

Zangon farko ya yi daɗin da ban taɓa ji ba a aikin nan. Yara suka bazu a lungunan birni da tef da littafi. Wata yarinya ta dawo da labarin kakarta cewa azarar ɗakinta ta girmi mijinta. Aka yi gardama mai zafi a aji kan kamun wa za a bi, har suka yanke da kansu cewa a bi mita kowa ya huta. Kowane mako sai sun tambaye ni yaushe tsohon zai zo, ni kuma in ce yana nan tafe.

Janairu ta zo, ɓoyen da na yi niyya ya gagara. Kowace Litinin mataimaki ke karɓar littafin shirin darasi ya gwada da fayil, layi bayan layi. Malamin Turanci da na addini sun riga sun rubuta nasu a kan jerin da aka buga, ba mai son a ja masa jan biro. Ina cikin wannan, wata safiya sai ga jakai uku a ƙofar makaranta da mangalolin jar ƙasa. Baffa ne ya aiko. Ba wanda ya tuna masa, ya duba sama ya ga lokaci ya yi. Mataimaki ya fito ya tsaya a kan masu jakin, ya ce a sauke a can ƙarshen fili a rufe da buhu, ba tam ɗinta ba ne. Aka sauke. Wata huɗu ƙasar nan tana zaune, rana mai kyau tana fitowa tana faɗuwa a banza, mu kuwa muna cikin aji ina zuba ruwa da buta a gwangwani yara na rubuta lamba. Ban taɓa jin na raina kaina irin na lokacin ba.

Bayan mako guda Baffa ya aika a kira ni. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar.

"Ƙasa ta isa?"

"Ta isa, Baffa."

"To, ina yaran?"

Na sunkuyar da kai na kwashe komai na gaya masa, har da sa hannun. 

"Wane wata ka ce?"

"Mayu. Amma wata shekarar ruwa kan makara, Baffa."

"Kada ka yi mini ƙarya, kai ma ba ka yarda da ita ba." Ya gyara zama. "Yaran nan ka gaya musu zan zo?"

"Tun Satumba."

"Sun san ko ni wane ne?"

"Sun sani. Wasu ma kakanninsu sun ce kai ka gina musu."

"To, an gama," ya ce. "Ba za a ce tsoho ya yi wa yara alkawari ya saɓa ba. Tashi ka tafi."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na so in koma in yaga fayil ɗin, in je wurin Hajiya in ce ko a gyara ko in ajiye allin. Na yi ta shiryawa a raina, na yi ta faɗa da mataimaki a cikin kaina ina kan babur, amma ƙafata ba ta kai ofishinta ba. Fushina a baki ya tsaya.

Ranar da aka sa, ruwan fari ya riga ya sauka sau biyu, gabas kuma ba ta da tabbas. Baffa ya zo da 'yar shara da tsohuwar fartanya, ya tsaya ya dubi sama, ya tuɓe takalmi. Ya sa aka buɗe tsibin ƙasar aka yi rami a tsakiya, aka zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, maza suka shiga suna takawa. Da ta kwana biyu ta yi laushi ya dawo aka yi curi. Ya ɗebi ƙasa ya juya ta a tafinsa sau uku, ya dire, tubali ya zauna daram. Yara suka yi ihu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, yana kama hannu yana gyarawa, yana tsokanar masu yin nasu kamar ƙwan agwagwa. Ya tambaye su in kamu ɗaya na cin tubali kaza, katanga mai kamu goma sha biyu nawa za ta ci a jeri guda, kafin in ɗauko alli sun ba shi amsa. Abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina nema ke nan, ga shi a gabana, amma na kasa jin daɗinsa, don idona na gabas.

Ta gurbin nan da awaki ke shigowa ana ganin filinmu daga lungu. Wasu magina biyu na unguwa suka zo wucewa, sa'o'in 'ya'yan Baffa, waɗanda a da ko takalmi ba sa sawa a gabansa. Suka tsaya suka leƙo. Ɗaya ya dubi tubalan, ya dubi sama, ya dubi ɗan'uwansa.

"Sannu da aiki, Baba! Yau kuma ginin damina ake yi?"

"Yauwa, sannunku," in ji Baffa, bai ɗago ba.

Suka wuce suna ƙunshe dariya. Kafin Juma'a suna ya bi gari: maginin damina.

Kwana biyar tubalan suka samu. Rana ta shida, muna tsakiyar darasi kafin azahar, gari ya yi baƙi. Muka fita da gudu da buhuna da ledoji muka rufe abin da muka iya, muka danne da duwatsu. Amma filin makarantarmu gangare ne, ruwan bai tsaya dukan sama ba, ta ƙasa ya bi. Muna tsaye a baranda muna gani jan ruwa na fitowa daga ƙarƙashin buhunan yana bin kwata. Da ruwan ya ɗauke muka buɗe, babu tubali ko ɗaya mai siffa, sai taɓo. Yara da yawa sun sa alama a nasu da tsinke, suka shiga tonawa suna nema. Wasu suka yi kuka.

A ƙarshen zango mataimaki ya karanta rahotonsa a taron malamai. Ya ce tsarin haɗa darussa ya yi nasara sosai, an bi sikim ba a tsallake mako ko ɗaya ba. Sai dai, in ji shi, an lura kayan gargajiya ba su da ƙarko, don haka yana ba da shawara badi a yi amfani da bulon siminti.

Ban san lokacin da na miƙe ba, kujerata ta faɗi baya. Na ce ƙarko? Soron da kakanka ya mutu a ciki yana nan tsaye, kai ka zo ka ce ba ƙarko? Na ce tsohon nan ya faɗa tun farko, na faɗa maka a ofishinka, jakai sun kawo ƙasa a kan lokaci ka ce a rufe da buhu, yanzu kuma laifin ƙasa ne? Na ce ko akuyar da ke shigo mana fili ta san ba a shanya da damina.  Shi kuwa ko gezau, ya buɗe fayil ɗin ya juya shafin ƙarshe ya ɗaga sama.

"Wannan sa hannun wa ne, Malam?"

 Nawa ne, ga shi ɓaro-ɓaro da shuɗin biro.

Hajiya ce ta raba. Sai a ranar ta ji yadda abin ya faro, ta ce me ya hana ni zuwa wurinta tun Satumba. Ta ce badi a yi yadda na tsara da farko, masu dubawa in sun zo ita za ta yi musu bayani. Magana ɗaya, ko minti biyu ba ta ɗauka ba. Ihu bayan hari, amma na karɓa, na ce ko ba komai a wanke sunan tsoho a gaban yara da unguwa.

Tun bayan ruwan nan Baffa ya rage zama a majalisar magina. Na ji an ce in aka yi gardamar aiki ya buɗe baki, sai wani ya ce a bari sai hadari ya haɗo a tambaye shi, a yi dariya. Wasa ne a wurinsu. Shi kuwa daga masallaci sai gida. Ni ma na riƙa gaishe shi a tsaitsaye ina wucewa, don kunya.

Da Disamba ta kama, aka gama kai amfani gida, na ɗauki sabon fayil na tafi wurinsa. Na durƙusa, na buɗe masa shafin zango na biyu duk da ba ya karanta boko, na ce an gyara, Janairu ce, rana tsaye, kuma sababbin 'yan aji biyar suna ta tambaya. Na ce wannan karon katangar za ta tashi kowa ya gani.

Ya karɓi fayil ɗin ya shafa ledar, ya miƙo mini.

"Madalla. Allah ya sa albarka. Sai ku nemi magini."

"Baffa, ai kai ne maginin."

"A'a, ɗana. Magini ba ya cura tubali da hadari a sama. Ni kuwa na cura, da rana tsaka, a gaban yara arba'in. Me zan koya wa waɗannan, in ce su yi yadda na faɗa ko yadda na yi?"

Na ce laifina ne, ni na sa hannu, ni na ja shi. Ya ce ya sani, kuma ya yafe tun a ranar. Sannan ya tambaye ni jikin mahaifiyata, ya ce in gaishe ta.

A Janairun nan ni na tsaya a gaban yara na juya ƙasa a tafina, na dire, ta baje.